Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Gidan gado yana da masu shi da yawa ranar karɓa, ranar bayarwa kuwa sai a neme su a rasa. Duk wanda ya tashi a Fagge ya san irin gidajen da nake nufi. Wanda ya gina ya kwanta dama, 'ya'ya sun ji nauyin juna ba su kira alƙali ya raba ba, sun bar gidan a dunƙule da sunan zumunci. Ƙarshen shekara, idan 'yan haya suka biya, kowane magaji ya san kasonsa har zuwa kwabon ƙarshe, ba ya bukatar malami ya tuna masa. Amma rufi ya yi yoyo, ko masai ya cika, ko wayar wuta ta kama, sai ka ji ana cewa "a gaya wa masu gidan", kamar wasu mutane ne daban da ke zaune a wata ƙasa.

A irin wannan gida aka haife ni, a ɓangaren Fagge da ke fuskantar Sabon Gari. Fagge tsohon masauki ne. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, a nan Buzaye da sauran fataken hamada ke durƙusar da raƙumansu a wajen ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari ba da jimawa ba domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da Gwalkwas da Saliyo. Unguwannin biyu suka girma kafaɗa da kafaɗa, kowace tana da baƙinta. Kakana ya fara da yaron kanti a wurin wani Balabane mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ya tara ya tsaya da ƙafarsa, a shekarun 1970 ya gina bene mai hawa ɗaya: ƙasa iyali, da soro da shaguna biyu a gaba, sama kuma 'yan haya. Bai taɓa tambayar mai neman ɗaki daga ina ya fito ba. Abin da yake tambaya shi ne ko yana shan giya a gida, da kuma ko zai biya shekara.

Ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya maza uku, mata huɗu. Lissafin ba shi da wuya. Idan aka kasa gidan 80, Hajiya Kaka tana da 10 na tumunin takaba, kowane namiji 14, kowace mace 7. Haka ake raba kuɗin haya tun ina ƙarama. Zaman gidan ne bai bi wannan lissafi ba. Baffa Babba, ɗan fari, ya daɗe da tashi zuwa gidan da ya gina a Rijiyar Zaki. Gwaggonnina uku suna ɗakunan mazajensu, ɗaya a Gwammaja, ɗaya a Kurna, ɗaya a Zariya. Waɗanda suka rage su ne Hajiya Kaka, da Gwaggo ƙarama wadda ta dawo gida da 'ya'ya biyu bayan mijinta ya rasu, da mu mu takwas har Baba da Umma, sai Baffa Ƙarami da matansa biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. A sama akwai iyali uku, mutum goma sha biyu. Baki 38 ke nan ke shan ruwa a gidan da mutum takwas suka mallaka, huɗu daga cikin takwas ɗin ba sa kwana a ciki.

Hajiya Kaka takan ce ta ga zamanin da ake murɗa famfo a tsakar gida ruwa ya fito da ƙarfin da zai tunkuɗe bokiti. Ba ƙari ta yi ba. Kano ta samu ruwan famfo daga Challawa tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ana tura shi tankin da ke kan Goron Dutse ya gangaro gari. Daga baya aka yi madatsar Tiga a zamanin Audu Bako, aka ƙara matatar Tamburawa. Sai gari ya yi ta faɗaɗa fiye da bututunsa. Ni dai a saninmu famfon gwamnati da ke jikin bangonmu wurin rataya soso ne. Kano da ma garin rijiyoyi ce, sunayen unguwanninta shaida ne: Rijiyar Lemo, Rijiyar Zaki, Rijiya Biyu, Rijiya Huɗu. Da famfo ya ja baya sai mutane suka koma ga ƙasa, wannan karon da inji. Kakana ya haƙa rijiyar burtsatse shekara biyu kafin ya rasu, ya ɗora tanki a kan bene, ya kuma fitar da kan famfo ɗaya ta jikin katanga zuwa layi, domin maƙwabta su ɗiba sadaka.

Abin da ke jawo ruwan wani dogon inji ne siriri mai kama da taɓarya, wanda kowa ke kira sumo. Ana ɗaure shi da igiya, a haɗa masa bututu da waya, a zura shi can ƙasan ramin inda ido ba ya kaiwa. Ruwan da yake zaune a ciki shi ke sanyaya shi. Ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwan yana maƙale a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsage-tsagensa, ba wani kogi ne ke gudana a can ba. Idan bazara ta tsananta, kuma kowane gida na uku a layi yana zuƙa daga tsaga ɗaya, ruwa sai ya janye ya bar injin a sarari. Shi kuwa ba ya sanin haka, yana ta juyi a bushe har wayoyin cikinsa su gasu. Ƙarancin ƙarfin wuta ma yana yi masa irin wannan illa. Namu an taɓa naɗe masa sabuwar waya sau biyu. Ran biyar ga azumin 2024, tsakiyar watan Maris, ya yi shiru na ƙarshe. Mai gyaran famfo ya zaro shi, ya shinshina, ya girgiza kai, ya ce wannan sai dai 'yan gwangwan.

Rashin ruwa a gida ba ya faɗa wa kowa daidai. Maza sukan yi alwala a masallaci, su yi wanka a gidan wanka na bakin kasuwa idan abin ya matsa, su dawo bayan asham. Mata ne ke wuni da shi. Su ke da kwanukan sahur, da wankin yara, da kunun buɗa-baki, da banɗakin da mutum goma ke shiga. Mu 'yan mata muka koma tsaron bakin layi tun da asuba, muna jiran 'yan ga-ruwa. Su ma a azumi raguwa suke yi, wasu sun tafi gida, waɗanda suka rage kuma suna tura kura mai jarka goma sha biyu da baki a bushe cikin ranar Maris, don haka ba na iya ganin laifinsu da suka mayar mana da jarka naira 150. Matar sama mai ɗinki tana da ciwon gwiwa, sai ta ƙara wa yaro kuɗi kafin ya hau mata da jarka. Na zauna na ƙidaya: duk da tsimi, gidan yana shan jarka arba'in a rana, wato naira 6,000. A lokacin mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 30,000 ne a wata.

Mai gyara ya kawo lissafinsa a bayan kwalin magani. Sabon sumo mai ƙarfin doki ɗaya, da akwatin kunna shi, da waya, da ƙarin bututu domin a sauke shi ƙasa da inda yake a da, da wata 'yar na'ura mai kashe inji idan ruwa ya janye, da ladan aiki: naira 400,000. Kuɗin ga-ruwa na wata biyu da mako ɗaya ke nan. Kowa ya ga wannan lissafi, kowa ya yarda da shi. Amma 6,000 a warwatse take fita, ɗari uku daga wannan ɗaki, ɗari shida daga wancan, yawanci daga bakin zanen mata, babu wanda ke jin faɗuwarta. Ita 400,000 a dunƙule ake son ta, cikin azumi, ga ɗinkin salla a gaba, ga shekarar da buhun shinkafa ya fi ƙarfin albashi tun da aka cire tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023.

An yi zaman farko a ɗakin Hajiya Kaka bayan asham. Ni aka kira in riƙe biro, saboda ni ce mai karatu a jami'a, ko da yake adabi nake karantawa, ba lissafi ba. A gidanmu duk wanda ya wuce sakandare akawu ne.

Baffa Ƙarami ne ya fara. Ya ce abin a fili yake, rijiya tana cikin gado, kowa ya biya daidai kasonsa: Hajiya 50,000, kowane namiji 70,000, kowace mace 35,000. Ya faɗi haka yana jan carbi, kamar mai karanto hukuncin da ba shi da ra'ayi a cikinsa. Baffa Babba ya yi murmushi ya ce, "To, ni yaushe rabona da shan ruwan gidan nan? Ina da tawa rijiyar, ni kaɗai nake gyara ta. Ruwa ai da baki ake sha. A ƙirga bakuna." A kan wannan tsari Baffa Ƙarami mai mutum goma sha huɗu zai ɗauki fiye da sulusin kuɗin, shi Baffa Babba ko sisi. Baba, wanda bai son hayaniya, ya ce a raba ƙofa-ƙofa, kowace ƙofa daidai da 'yar'uwarta. Sai aka lura cewa hakan zai sa Hajiya Kaka, tsohuwa mai shan buta uku a yini, ta biya daidai da gida mai mata biyu. Wani ya ce a cira daga kuɗin haya. Kuɗin haya an karɓa tun watan Janairu, an raba, an cinye.

Abin da ya ba ni mamaki a daren nan shi ne kowa adalci yake kira, kuma kowa ya dace da irin adalcin da ya fi yi wa aljihunsa sauƙi. Babu wanda ya yi ƙarya. Rijiya tana cikin gado, gaskiya ne. Da baki ake shan ruwa, shi ma gaskiya ne. Na karanta cewa a manyan biranen Turai da Amurka, inda mutane ke mallakar bene ɗaya tare, sukan rubuta tun farko wa zai biya nawa idan tukunyar ɗumama gida ta mutu, su kuma riƙa tara asusu duk wata. Mu abin da muka rubuta tun farko shi ne yadda za a raba abin da ya shigo. Wanda zai fita an bar shi ga kunya, ita kuwa kunya ba ta da farashi tsayayye, mai yawanta shi ke biya.

Hajiya Kaka ba ta iya yi wa Baffa Babba faɗa ba. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi. Sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan, mai rijiyar bai ƙirga bakuna ba lokacin da ya haƙa." Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya," ya tashi ya sa takalmi. An watse ba a yanke komai ba.

Baba ya kai maganar wurin malamin da yake ɗaukar karatu a soronsa bayan asuba. Ashe malaman Malikiyya sun daɗe da sanin gidanmu. Risala, wadda ake biyawa a kowane soron karatu a Kano, ta yi maganar gidan da mutum ɗaya ke da ƙasa wani ke da sama, ta ɗora gyaran ƙasa a kan mai ƙasa, har ta ce a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. A Muhtasar kuma, abokin tarayya a cikin abin da ba ya rabuwa hukuncinsa ke nan, ya gyara ko ya sayar. Sai dai masu sharhi sun ware rijiya: wanda ya ƙi ba a tilasta masa sayarwa, ana ce wa mai son gyara ya gyara, ya riƙe ruwan da gyaransa ya samar har ya mayar da abin da ya kashe. Malam ya ƙara da cewa inji kayan gida ne, sayensa yana kan masu gida gwargwadon mallakarsu, abin da ake ƙonawa kullum wajen tayar da shi kuwa yana kan masu sha. Hukuncin ya yi kyau a kunne. Matsalarsa ɗaya: wanda ya ƙi biya ba ya shan ruwan da za a hana shi.

A zama na biyu Gwaggo ƙarama ce ta warware wannan. Ita awara take soyawa a ƙofar gida da yamma, sana'ar da ke cin ruwa tun daga jiƙa waken suya har tacewa, kuma kwana goma sha biyu ke nan ribarta tana tafiya a kura. Ba ta saba magana gaban yayyenta ba. Ta ce, "Yaya, ka ce ba ka shan ruwan gidan nan. Amma ɗakunan sama nawa za a biya a kansu in babu ruwa? Je ka tambayi gidan bayanmu nawa suke karɓa. Abin da ya ɗara nasu a kuɗin da kake karɓa duk Janairu, kuɗin rijiya ne. Kana sha, Yaya, a aljihu kake sha." Ɗakin ya yi tsit. Matar Baffa Ƙarami da ke laɓe a bayan labule ta saki dariya ta toshe baki. Baffa Babba bai ce ya yarda ba, bai kuma ƙara kawo maganar ƙirga bakuna ba. Ya ce shi dai a yanzu ba shi da kuɗi, kuma in gidan ya zama abin da za a riƙa kiransa yana bayarwa, gara a sayar kowa ya kama gabansa.

Wannan kalma ta fi ƙonewar sumo tayar mana da hankali. Gidajen Fagge da ke kusa da Kwari ɗaya bayan ɗaya ake saye ana rushewa, ana mayar da su shaguna da ɗakunan ajiyar kaya. Kuɗin da ake tayawa yana da yawa a baki. Idan aka kasa shi 80 kuwa, kashi 7 na Gwaggo ba zai saya mata ɗaki biyu ba sai a can bayan gari, inda babu masu sayen awara, babu makarantar 'ya'yanta. Shari'a ta ba sauran magada haƙƙin shufa'a, su riga bare sayen kason wanda zai fita. Amma mutanen da suka kasa haɗa 400,000 da me za su sayi kashi 14 na bene a Fagge?

Aka buɗe karɓa a kan hukuncin Malam. Tsarin da kuɗin suka shigo na riƙe shi, don ni na rubuta. Gwaggon Zariya ce ta fara, ta turo 35,000 ta waya a daren, ita da rabonta da kwana a gidan shekara uku. Gwaggo ƙarama ta roƙi uwar adashi ta ba ta kwasar da ba tata ba, ta koma ƙarshen layi. Hajiya Kaka ta sa aka kai ragon da take kiwo domin layya kasuwa, ta ce mini, "Kishiya, rubuta, kada a ce tsohuwa ta ci bashi." Na Gwammaja da na Kurna suka kawo nasu cikin kwana uku, ɗaya a biya biyu. Baba ya karɓo rance a wurin ubangidansa a Kwari. Baffa Ƙarami ya kawo 30,000 ya ce saura sai bayan salla. Aka tsaya a 290,000. Mata biyar masu ƙaramin kaso sun cika nasu kafin namiji ɗaya ya cika. Ba ina nufin sun fi maza tsoron Allah ba ne. Sun dai san nauyin jarka, har waɗanda ba sa gidan sun san wadda ke ɗauka.

Ragowar 110,000 daga sama ta sauko. Babban ɗan hayarmu ɗan ƙabilar Ibo ne mai shagon kayan wuta a Sabon Gari, mu yara muna ce masa Baban Bene. A Sabon Gari aka haife shi. Mahaifinsa ya gudu a rikicin 1966, ya dawo bayan yaƙi ya ƙare a 1970, ya sake farawa daga tebur. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan bokonmu daɗi. Shekara goma sha bakwai yana gidan, matarsa tana aiko mana da shinkafar Kirsimeti, Umma tana aika musu da naman layya. Ya sauko ya durƙusa a ƙofar Hajiya Kaka ya ce, "Mama, sayen inji ba na ɗan haya ba ne, kowa ya sani. Amma matata ma tana hawa da jarka. Zan ba da abin da ya rage daga cikin hayar baɗi. Sharaɗina ɗaya, a rubuta, kowa ya sa hannu, a kuma rubuta daga kason wa za a cire."

Baffa Ƙarami ya ɗan ji haushin wannan sharaɗi, ya ce tsakanin mutanen kirki magana ta isa. Baban Bene ya ce a ƙungiyar mutanen garinsu da ke taro duk wata a Sabon Gari, ko kuɗin kujerar mutuwa sai an rubuta, kuma ba don ana zargin kowa ba, sai don mai mantuwa da mai tuni su zauna lafiya. Ni ina ganin yana da gaskiya. Mun gaji fiƙihun da ya tsefe maganar bashi da tarayya dalla-dalla, mafi tsawon aya a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, amma a cikin gida muna ɗaukar takarda kamar zagi. Sai da baƙo ya tuna mana da abin da ke cikin littattafanmu. Aka rubuta: 70,000 daga kason Baffa Babba, 40,000 daga na Baffa Ƙarami. Aka aika wa Baffa Babba hoton takardar ta WhatsApp. Ya gani, bai amsa ba. Hajiya Kaka ta ce shirunsa ya isa, ta dangwala yatsa a madadinsa.

Mu uku muka je saye, ni da Baba da Baban Bene, mai gyara yana biye. Titin France, inda shagunan injuna da kayan wuta suka yi jere, ba sunan ƙasar Faransa ya ci ba, sunan wani mutumin Gwalkwas ne da ya shugabanci Sabon Gari a farkon kafuwarta. A nan na ga amfanin ɗan gari. Injuna uku aka ajiye mana masu kama ɗaya, kwali ɗaya, tambari ɗaya, farashi uku. Baban Bene ya ɗaga kowane ya auna nauyinsa a hannu, ya ce mai sauƙin nan wayar cikinsa ba jan ƙarfe ba ce, bazara ɗaya zai yi. Ya yi ciniki da Ibo, ya juya ya fassara wa Baba da Hausa, ya koma ya yi faɗa da Turancin kasuwa. Baba ya ce ai dala tana sauka a Wapa, don a watan Fabrairu ta haura naira 1,500 nesa, a makonnin nan kuwa tana ta gangarowa. Mai shago ya ce shi da tsada ya sayo kayansa. Da tana hawa, da cewa zai yi da tsada zai sake sayowa. Kasuwar canjin tana cikin Fagge, tafiyar ƙafa daga gidanmu, amma labarinta hanya ɗaya kawai yake bi zuwa shago. Abin da aka samu ragi aka sayi igiya mai kyau da shi. Mai gyara ya so a bar 'yar na'urar nan mai kashe inji don a rage kuɗi. Baban Bene ya ce ita ce kaɗai abin da bai kamata a bari ba.

Ran ashirin da huɗu ga azumi aka zura shi. Samarin gidan duka suka riƙe igiya, ana sakin ta kamu-kamu, mai gyara yana ɗaure waya a jikin bututu. Babu wuta, sai da aka aro janareto. Ruwan farko ja ya fito, mai laka, aka bar shi ya zuba a kwata har ya washe, yara suna tsalle a ciki, babu wanda ya kore su. Kwana goma sha tara muka yi muna saye. Na ninka da 6,000 na samu 114,000, wato abin da muka tura wa kura muna gardama ya zarce giɓin da muke gardama a kansa.

Littafin da na fara rubutu a ciki bai rufe ba. An yanke cewa duk wata kowane baki zai ba da naira 500, mai gida da ɗan haya, domin wuta da fetur da ajiyar ranar da wannan ma zai mutu. An yi 'yar muhawara a kan jarirai. Baffa Ƙarami ya ce mai shan nono ba ya shan famfo. Matan gidan suka ce in gaskiya za a bi, jariri baki biyu ne, a tambayi igiyar shanya. Aka bar shi a ɗaya. Sai maganar famfon waje ta taso, wanda almajirai da maƙwabta da mai shayin bakin layi ke ɗiba, babu mai iya ƙirga su. Wasu suka ce a toshe, ko a sa masa kwaɗo a riƙa buɗewa awa ɗaya. Hajiya Kaka ta ce a rubuta shi baki huɗu da sunan marigayi, a riƙa cira daga tumuninta. A littafin yanzu baki 42 ne, naira 21,000 a wata idan kowa ya kawo. Ba kowane wata kowa ke kawowa ba. Kuɗin suna wurin matar sama mai ɗinki, don ita kaɗai ce babu wanda zai iya zuwa ya ce ta ranta masa da sunan 'yan'uwantaka.

Da Janairu ya zo aka cire abin da aka rubuta. Baffa Ƙarami bai ce komai ba. Baffa Babba ya karɓi ragowar kasonsa ya ƙirga sau biyu a gaban Baba. Yana zuwa gaida Hajiya ranar Juma'a kamar yadda ya saba, amma ya daina shiga ɗakin Gwaggo. Sau biyu wani dillali ya zo ya tsaya a bakin layi yana auna faɗin gidan da ido, ya tambayi mai shayi ko rijiyar tana da ruwa har bazara. Mai shayi ya ce masa tana da shi, sabon inji ne.